Fasfo ba laifi ba ne, Alhaji

Na karanta martaninku kan maganar jiya, ta Alhajinmu da ya hana wani Ba'amurke dabino a Madina, ɗaya bayan ɗaya, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Ashe akwai masu ganin Alhajin nan daidai ya yi. Har da mai cewa Allah Ya ƙara masa kishin addini. Kishin addini? A Masallacin Annabi, cikin azumi, saura 'yan mintuna a kira magariba, ka janye dabinonka daga gaban baƙo don kawai ya ce daga Amurka yake? Ni dai ba a koya mini wannan kishin a makarantar allo ba.

Ina wurin, ganau ne ni. An shimfiɗa ledar buɗa-baki, an jera dabino da burodi da kindirmo da kofunan zamzam. Mutumin yana gefenmu da ɗansa, yaro ɗan shekara goma ko kusa da haka, cikin farar jallabiya da ta yi masa yawa. Baƙar fata ne kamar ni da kai, da bai buɗe baki ba sai ka rantse ɗan Fagge ne. Aka gaisa, aka tambaye shi ƙasarsu, ya ce Amurka, birnin Filadelfiya. Nan take fuskar Alhajinmu ta canza. Ya miƙa hannu ya kwashe dabinon da ya riga ya tura gabansu, ya ce su ne ke ba Isra'ila bama-baman da ake kashe yaran Gaza, ya juya musu ƙeya. Na ce masa, "Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah, baƙin Manzon Allah ne fa." Ya ce in ƙyale shi. Uban bai ce uffan ba. Yaron ne ya ɗaga kai ya dubi ubansa, sannan ya dubi wurin da dabinon yake ɗazu. Wannan kallon ne ya hana ni barci.

Fasfo ba laifi ba ne. Takarda ce da ke nuna inda aka haife ka ko inda kake zaune. Ba ta nuna abin da ke ranka, ba ta nuna wanda ka zaɓa, ba ta nuna abin da kake roƙo a sujada.

Wasu sun ce ai su suka zaɓi shugabanninsu, don haka su ɗanɗana. To mu yi wannan lissafin a kanmu mu gani. A zaɓen 2023 ƙuri'un da suka ɗora Tinubu ba su kai miliyan 9 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Idan ka je Yamai wani ya hana ka ruwan sha saboda rufe iyakar da aka yi wa Nijar a shekarar nan, za ka yarda an yi maka adalci? Ba za ka yarda ba. Za ka ce kai ba ka zauna a Aso Rock ba, ba a shawarce ka ba. To shi ma wannan bawan Allah ba a shawarce shi ba. A zaɓen Amurka na 2024 Trump ya samu ƙuri'a wajen miliyan 77, Kamala Harris wajen miliyan 75, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 330. Ka san wanne ya zaɓa? Ka san ma ko ya yi zaɓen? Ɗansa kuma, da wace ƙuri'ar ya yi laifi?

Wasu kuma sun kawo maganar haraji, wai da kuɗinsa ake sayen makaman. Na san Amurka tana ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 3.8 kowace shekara, ba sai an tuna mini ba, kuma abin yana ci mini rai kamar yadda yake ci muku. Amma haraji ba sadaka ba ce da za ka zaɓi inda za ta tafi. Kai da ake cire maka kuɗi duk lokacin da ka tura wani abu ta banki, kai ka tsara inda ake kashe su? A bar wannan maganar.

Ku da kuke ganin kowane Ba'amurke abu ɗaya ne, wace ƙasa ce ta haifi Rachel Corrie? Yarinya 'yar shekara 23 da motar rusau ta sojan Isra'ila ta take a Rafah cikin watan Maris na 2003, tana tsaye gaban gidan Bafalasɗine don kada a rushe shi. Ba'amurkiya ce. Ɗaliban jami'ar Kolambiya ta birnin New York da 'yan sanda suka kwashe sama da ɗari a watan Afrilun 2024 saboda sun kafa tantuna suna neman a daina yaƙin Gaza, da yawansu 'ya'yan ƙasar ne, har da Yahudawa a ciki. Da Trump ya hana mutanen ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka a Janairun 2017, su wa suka cika filayen jirgi suna zanga-zanga, lauyoyi zaune a ƙasa da kwamfutocinsu suna rubuta ƙara kyauta? Amurkawa ne. Waɗannan mutane sun sadaukar da karatu da aiki, wata ma da ranta. Mu me muka sadaukar? Dabino uku muka hana yaro mai azumi.

Abin da ya fi ba ni takaici, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan abu. Wanda ya yi tafiya bayan Disambar 2009 ya san abin da nake faɗi. Yaro ɗaya, Umar Faruk Abdulmutallab, ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke zuwa Ditroyit, sai koren fasfo ya zama abin tuhuma. Aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake yi wa bincike na musamman. Dattawa masu furfura aka riƙa ware su gefe ana lalube su kamar ɓarayi. Me muka ce a lokacin? Muka ce laifin mutum ɗaya bai kamata ya shafi ƙasa guda ba, har muka tuna musu cewa mahaifinsa da kansa ya je ofishin jakadancinsu ya yi gargaɗi. Gaskiya muka faɗa. To me ya sa gaskiyar ta daina aiki da ta zo kan wani? Alƙur'ani ya maimaita mana cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma ba a keɓe masu shuɗin fasfo daga ayar ba.

Mai cewa su ma haka suke yi mana a ofishin biza, na ji ka. Amma wannan tsakanin gwamnati da gwamnati ne, kuma akwai hanyarsa. A watan Yunin 2025 da aka sa Chadi cikin ƙasashen da aka hana shiga Amurka, Shugaba Mahamat Deby ya dakatar da ba Amurkawa biza. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, ya nufi inda matsalar take. Kai da ka kasa taɓa jaki, sai ka huce a kan taiki.

Kuma irin wannan tunanin ba ya tsayawa a kan dabino. Shi ne yake girma har a ga Ba'amurke a ɗauke shi kamar haja. Mutanen Abalak a Nijar ba su manta da Jeffery Woodke ba, mai aikin agaji da ya daɗe a cikinsu, aka sace shi daga gidansa a Oktoban 2016, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai Maris na 2023. Ba don komai ba sai don fasfonsa yana da tsada. An daɗe ana ba da labarin matafiya Amurkawa da ke ɗinka tutar Kanada a jakarsu don kada a gane su. Ni abin tausayi nake gani a nan, mutum ya ɓoye sunan ƙasarsu don ya ci abinci cikin kwanciyar hankali. Ban taɓa tsammanin zan ga ana bukatar hakan a Madina ba.

A ƙasar nan mai tsarki ne Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fatan Amurka, ya yi Hajji a 1964, ya ci a kwano ɗaya da mutane masu kowane launi, tarbar da aka yi masa ta sauya masa tunani har ya koma gida da sabuwar fahimta. Shi kuwa yaron nan, da wane labari zai koma Filadelfiya? Na tura musu nawa dabinon, uban ya karɓa ya yi godiya, amma na san ba ni zai tuna ba.

Masu tambayata ko na ɗauki bidiyo, ban ɗauka ba, kuma ko da na ɗauka ba zan saka ba. Wannan ma wata cutar ce, mutum yana gaban Rauda amma idonsa yana kan waya. Su kuma kamfanonin da ke kai mutane Umara, don Allah idan kuna bita kada ku tsaya kan ɗawafi da sa'ayi kaɗai. Ku koya wa mutane bin layi, da yadda ake shiga lif a otal ba tare da an ture tsohuwa ba. Ranar da za mu taso, sai da muka yi minti arba'in a ƙasa saboda wasu sun tare lif da robobin zamzam da aka riga aka gaya musu jirgi ba zai ɗauka ba.