Aya a shafin farko, ƙarya a babi na huɗu

'Yan'uwa, ku yi haƙuri, yau maganar za ta ɗan taɓa mu.

Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo mini kundin bincikensa. Shafin sadaukarwa cike da godiya ga Ubangiji, har da aya. Da na isa babi na huɗu sai na ce ya kawo takardun tambayoyin da ya ce ya raba wa jama'a. Rubutun hannu ɗaya, biro ɗaya, har wata kalma da ya saba kuskurewa ta bi kowace takarda. Shi ya zauna a ɗaki ya cike su. Kuma shi ne mai jan addu'a a zumuntar ɗalibai.

Abin da ya dame ni, yaron bai ga wani saɓani ba. A wurinsa bangaskiya tana majami'a ranar Lahadi, karatu kuma yana aji ranar Litinin. Alhali a Markus 12:30, cikin abubuwan da aka ce mu ƙaunaci Allah da su har da hankali. To ina hankali ke aiki in ba a laburare da ɗakin gwaji ba?

Mutumin da nake yawan tunawa shi ne Georges Lemaître, fada na Katolika ɗan Beljiyam kuma masanin kimiyyar sararin samaniya. A 1927 ya nuna ta lissafi cewa sararin samaniya na faɗaɗa, a 1931 kuma ya ce komai ya faro ne daga wani ɗan dunƙule guda. Da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna kamar kimiyya ta tabbatar da labarin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa biyun haka. Ku duba fa: fada ne, ga dama ta zo har gida ya ce mun ci gardama, amma ya ƙi ɗora wa lissafinsa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ni a nan nake ganin tsoron Allah.

Na san akwai malaman da ke ganin mai bi ba ya iya bincike na gaskiya. Sun manta cewa jami'ar Harvard ta Amurka kanta, da aka kafa a 1636, horar da masu wa'azi na cikin dalilan kafa ta. Amma mu ma, duk ranar da muka ƙirƙiri alƙaluma ko muka kwashi aikin wani ba mu ambaci sunansa ba, mu ke miƙa musu sandar dukanmu.

Na mayar wa yaron kundinsa. Ya ce, "Malam, lokaci ya ƙure." Na ce ya koma ya raba takardun da gaske. Bayan makonni ya dawo, fuska a murtuke: amsoshin mutane sun rushe hasashen da ya gina binciken a kai. Na ce ya rubuta haka ɗin, na sa hannu.