Likitan magana ma iri-iri ne, sai da na zo Ingila na gane

Shekara shida kenan ina Ingila, har yau ina mamakin yadda abokin aiki zai ce maka yau yana da ganin likitan magana, wato wanda ake zama da shi a tattauna damuwar rai, kamar wanda zai je aski. Mu a gida in ka ce ranka ba daɗi, bacci ya ƙi zuwa, kana ta kuka ba dalili, to ko a kira malam ya yi ruƙiyya ko a fara raɗa ana cewa Allah ya sa kar a kai ga Dawanau, alhali yawancin masu damuwa a tsakiyar nan suke, kuma magana ce maganinsu.

Irin maganin da suka fi yi a nan shi ne CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa. Wani likita Ba'amurke Aaron Beck ne ya assasa shi wajen shekarun 1960, kuma tun 2008 gwamnati ta faɗaɗa ba da shi kyauta a ƙarƙashin NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar, kai da kanka za ka cike fom a intanet ba sai likita ya tura ka ba. Ba ruwansa da tone-tonen yarinta, tunanin da ke cinka yau ake kamawa, misali kullum kana raya wa kanka ba ka da amfani, sai a ce kawo hujja, a ba ka aikin gida kamar ɗan firamare ka dawo mako mai zuwa. Ya dace da mai fargaba, mai waswasi, mai ciwon damuwa da bai yi nisa ba. Ni dai ya min aiki lokacin da faɗuwar gaba ta hana ni shiga jirgin ƙasa.

Amma wanda ya ga tashin hankali da idonsa fa, irin 'yan uwanmu na Borno da Zamfara da ƙarar ƙofa kawai ke sa su zabura? Akwai CBT na musamman don wannan, akwai kuma EMDR da Francine Shapiro ta faro a 1987, kana tuno abin kana bin yatsan likita da ido dama da hagu. Da farko wallahi na ɗauka tsibbun Turawa ne, ashe har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Mai zuciya a kusa da in ransa ya ɓaci har ya ji wa kansa ciwo kuma DBT ake masa, wani reshe na CBT da Marsha Linehan ta ƙirƙiro. Na Freud kuwa, tsohon likitan nan na Ostiriya, a yi shekaru ana tono maka yarinta, wannan sai mai lokaci da aljihu.

Inda na samu matsala shi ne wata likitar magana da na biya da kuɗina, kirki gare ta ba laifi, amma da na ce rabin albashina gida yake tafiya sai ta ce in koyi ce wa Hajiya a'a. Hajiya fa! Na ce baiwar Allah ba ki san inda na fito ba. Su mutum ɗaya suke gani a kujera, mu kuwa in mutum ya zauna da uwa da kishiya da surukai da ƙanne goma ya zauna. Shi ya sa nake ganin irin wanda ake zama da iyali gaba ɗaya ya fi dacewa da yawancin rigingimunmu, musamman na aure, kuma da likitan da ba zai ɗauki sallah da addu'arka a matsayin wata cuta ba.

Kuma ba sai mun jira Turawa ba. Tun 1954 Dakta Lambo, likitan ƙwaƙwalwa a Aro, Abeokuta, yake ajiye marasa lafiyarsa a ƙauye tare da danginsu. A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata dabarun sauraro, suna zama a benci a harabar asibiti mutane na zuwa suna amayar da abin da ke ransu. Duk sanda na tuna wannan sai kakata ta faɗo min a rai, a kan tabarmarta matan unguwa ke sauke kukansu, sai dai ita da ƙyar za ka kai rabin labari ba ta ce maka yi haƙuri ba.