Ƙurar da ke saman kanmu ba maganar shara ba ce

Wallahi na gaji da yadda shugabannin masana'antar da nake aiki suke raina ƙura. Ka je ka ce wa manaja, "Yallaɓai, ƙura ta taru a kan bututu da ƙarafan rufi," sai ya ce ai an raba mana takunkumin hanci. Haba! Takunkumi ne zai hana wuta tashi?

Mu da muke tsaye a gaban injin mun san abin da muke tsoro. Garin hatsi, sikari, dusar katako, har ƙarfen alminiyam, idan suka yi laushi suka tashi cikin iska a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe su. Boris ɗin da sandar injin ke juyawa a kai ya yi zafi, ko mai walda ya kunna wuta, ko wayar lantarki ta haɗu, shi ke nan. Kuma fashewar farko ba ita ke kashe mutane da yawa ba. Ita girgiza ginin take yi, ƙurar da ta shekara a kwance a sama ta zubo ta cika iska, wutar ta kama ta, sai ta biyu ta tashi da kowa.

Haka aka yi a matatar sikari ta Imperial Sugar a jihar Jojiya ta Amurka a 2008. Wutar ta fara ne a wurin bel ɗin da ke jigilar sikari, wanda aka rufe da ƙarfe ba a bar wa ƙura mafita ba, mutum 14 suka mutu. A Kunshan ta ƙasar Sin a 2014, ƙurar alminiyam a wurin goge ƙafafun mota ta hallaka mutum 146. Su ma neman abinci suka fito kamar mu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne irin sharar da ake sa mu yi idan an ji masu duba aiki za su zo. Sai a ce a jawo tiyon kwamfaresa a hure ko'ina. Wato ƙurar da ke kwance, mu da hannunmu za mu tashe ta ta zama gajimare, injuna na aiki! Ƙasa ta yi fes, baƙi su yaba, sama kuwa ko tsani ba a taɓa kafa mata ba. Alhali a ƙa'idar masana kashe gobara, kaurin da bai kai milimita ɗaya ba, idan ya rufe wuri mai faɗi, ya isa a tsayar da aiki a kwashe.

Me muka roƙa da ya gagara? A gyara injin zuƙar ƙura da ya daɗe yana tari, a sayo na'urar tsotsa wadda ba ta fitar da tartsatsi, a sa ƙofofin sakin matsi, waɗanda ke buɗewa su fitar da ƙarfin fashewa, a rumbuna su kalli waje, a daina walda sai an share wurin an sa hannu a takarda. Kullum amsa ɗaya ce: babu kuɗi a kasafin bana. Amma an samu na sabon fenti a ofis.

Ni dai na faɗa wa shugaban sashenmu baki da baki: ranar da aka sake kawo mai walda ƙarƙashin wannan bututun ba a kwashe ƙurar ba, zan fita waje. A yanke min kuɗin ranar.