Ma'aunin zafi a bakin ƙofa, cunkoso a cikin aji

Na rubuta wannan ne a lokacin annobar korona. Duk wanda ya zauna ya rubuta dokokin kariya daga cutar na jami'armu, wallahi bai taɓa leƙa ɗakin laccar 'yan aji ɗaya da sassafe ba. An bi kowane allo an liƙa sanarwa: a sa takunkumi, a wanke hannu, a bar tazara, wanda ya saɓa ya kuka da kansa. To, mun ji. Amma tazarar a ina za a bar ta? Ɗakin da aka gina domin mutum ɗari biyu ake cusa wa ninkinsu, wasu a benci, wasu a matattakala, wasu a tsaye sun jingina da bango. An manna wa kujeru takardar "kada a zauna a nan", ɗalibai suka zauna a kan takardar, don ba su da wurin zuwa. Ni da nake tsaye a gabansu da alli, me zan ce musu?

Je ka babbar ƙofa ka sha kallo. Mai gadi na riƙe da na'urar auna zafin jiki yana nuna wa mutane a goshi ɗaya bayan ɗaya, layi ya miƙe, jama'a sun matsu kafaɗa da kafaɗa suna shaƙar numfashin juna, wai jira suke a tabbatar lafiyarsu ƙalau. Na'urar ta nuna 33, zafin da in da gaske ne mutum asibiti ya kamata ya nufa, sai ka ji "wuce". Ban ga laifin mai gadin ba, abin da aka miƙa masa ke nan. Laifin na masu digiri ne da suka san cewa ƙwayar cutar kan yi kwana biyar ko fiye a jiki, har zuwa goma sha huɗu, kafin alama ta fito, mutum na yaɗa ta tun bai fara zazzaɓi ba, kuma matasa da yawa ba sa ma yin zazzaɓin. Bokitin wanke hannu kuwa ranar da aka ƙaddamar da shi aka ɗauki hoto, tun daga nan sabulu ya yi ɓatan dabo.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar iska. A watan Yulin 2020 masana 239 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa cutar na yawo a cikin iskar ɗaki. A Afrilun 2021 hukumar ta gyara bayaninta ta amince. A watan na Afrilu dai hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce haɗarin kamuwa ta hanyar taɓa gurɓataccen wuri bai kai ɗaya cikin 10,000 ba. Wannan ba sirri ba ne, ana koyar da shi a sashen kimiyyar lafiya na jami'ar nan tamu. Duk da haka kuɗi na tafiya wajen feshin tebura da hannun ƙofa, tagogin ɗakin lacca kuma suna nan a ƙulle: wasu fenti ya liƙe su, wasu an doka musu ƙusa saboda tsoron ɓarayi, wasu sun yi tsayin da hannu ba ya kaiwa. Awa biyu za a yi a ciki, malami na ɗaga murya, wani na tari a baya, tabarau na yin hazo. Wani aji na fita wani na shiga, ba a bar ɗakin ya sha iska ko na minti goma ba. Akwai 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, mai auna iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. A waje takan nuna kimanin 420, a ɗaki mai wadatar iska ƙasa da 800, in ta dawwama sama da 1,500 to iskar ɗakin ta lalace. Kwamitin da ya iya sayen bindigogin auna goshi ya kasa sayen guda ɗaya ta zagaya azuzuwa? Ko dai tsoron abin da za ta nuna ake yi?

Su manyan ai sun kare kansu. Taronsu ta Zoom suke yi, kowa a ofishinsa shi kaɗai, daga nan suke yanke mana hukuncin cewa dole a koma aji ido da ido. Masu shara da ke kwashe takunkuman da aka yar, masu gadi, ma'aikatan ɗakin karatu da na ɗakunan kwanan ɗalibai, su ne ke cuɗanya da dubban mutane kullum, su ne kuma ake ba takunkumi ɗaya a ce su lallaɓa shi har ya yi baƙi. Ko sunansu ba ya fitowa a sanarwa.

Da cuta ta ɓulla kuma sai a ce ɗalibai ne ba sa jin magana. Wannan tsohuwar waƙa ce. Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill a Amurka ta buɗe a Agustan 2020, mako guda kacal ta yi ta mayar da karatu intanet, bayan cutar ta bazu a ɗakunan kwana. A Manchester ta Ingila, a Nuwamban shekarar, ɗalibai suka wayi gari suka ga an zagaye masaukinsu da shingen ƙarfe ba tare da an yi musu bayani ba, daren ranar suka tumɓuke shi, jami'ar ta dawo tana ba da haƙuri. Ita kuwa Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign zama ta yi ta ƙirƙiro gwajin yawu, ta riƙa gwada ɗalibanta sau biyu a mako. Ba cewa nake kowa yana da aljihun Illinois ba. Amma zare ƙusa daga taga da raba aji gida biyu ba sa bukatar aljihun kowa.

Sannan ga wata ƙa'ida mai tufka da warwara. Sanarwa ta ce in ba ka jin daɗi ka killace kanka. Littafin dokokin jarabawa ya ce in ka rasa lacca ba za ka zauna jarabawa ba, in ka rasa jarabawa sai ka maimaita kwas. Wane ɗalibi ne zai bayyana ciwon makogwaronsa ana saura kwana biyu jarabawa? Zai haɗiyi maganin zazzaɓi, ya wuce mai gadi lafiya lau, ya zauna awa uku a tsakiyar zaure. Haka ma'aikacin wucin gadi da ake yanke wa albashi in bai zo ba, zai zo ko da rarrafe. Kuma killacewar a ina, alhali mutum shida ke kwana a ɗaki ɗaya, bene guda na amfani da banɗaki guda?

A rubuta ƙarara, da sa hannun magatakarda, cewa ɗalibin da ya killace kansa za a ba shi jarabawarsa daga baya ba tare da an taɓa makinsa ba, ma'aikaci kuma za a biya shi kwanakinsa cif. A ware ɗakunan da mara lafiya zai kwanta. A ba masu shara da masu gadi takunkumi mai kyau kafin a kai wa kowane ofishi. Kuma a turo kafinta gobe.