Kujeru 372 da Conservative ba ta taɓa ci ba

Har yau, in aka zo ba da labarin zaɓen Birtaniya na 4 ga Yulin 2024, sai ka ji masu sharhi suna cewa jam'iyyar Conservative ta yi asarar kujeru 251. To amma a zaɓen 2019 kujeru 365 ta ci, a 2024 kuma ta tashi da 121. Ko ɗan firamare aka bai wa lissafin, 244 zai kawo. Ina aka samo ƙarin bakwai? An samo su ne daga wani zaɓe da ba a taɓa yi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan adadi na ƙiyasi yake neman zama tarihi, saboda kawai an maimaita shi sau da yawa a talabijin.

Asalin maganar shi ne sake shata iyakokin mazaɓu da aka kammala a 2023. Kujerun majalisa ba su ƙaru daga 650 ba, amma Ingila ta samu ƙarin 10 ta koma 543, Sikotland ta rasa 2, Wales ta rasa 8. Dokar ta ce in ban da kujeru biyar na tsibirai, dole kowace mazaɓa ta ƙunshi masu zaɓe tsakanin 69,724 da 77,062. Sai kafafen labarai irin su BBC da Sky suka nemi farfesoshi biyu, Colin Rallings da Michael Thrasher, su ƙiyasta yadda sakamakon 2019 zai kasance da a ce a sababbin iyakokin aka yi shi. Amsarsu ta fito a Janairun 2024: Conservative 372, rinjayenta ya tashi daga 80 zuwa 94, jam'iyyar Liberal Democrat kuma ta sauka daga 11 zuwa 8.

Mutanen nan biyu sun san aikinsu, ba ni da ja a kan wannan. Matsalar tana wurin kayan aikin. A Birtaniya, ranar babban zaɓe ana kwashe akwatuna a kai wuri ɗaya, a cakuɗa ƙuri'un kafin a ƙirga, sannan a sanar da sakamakon mazaɓar a dunƙule. Babu wanda ya san yadda wata unguwa ta zaɓa. Saboda haka idan aka yanke unguwa daga wannan mazaɓa aka manna a waccan, sai masu ƙiyasi su koma ga sakamakon zaɓen kansiloli don su raba ƙuri'un. Kowa kuwa ya san mutumin da ke zaɓen kansila saboda kwasar shara da gyaran titi ba lallai ne ya bi jam'iyyar ba ranar zaɓen wanda zai mulki ƙasa. Ga ƙarancin fitowar jama'a, ga 'yan takara masu zaman kansu da ke cin ƙuri'a mai yawa a gunduma.

Dubi abin da ya faru da Tim Farron, ɗan majalisa na jam'iyyar Liberal Democrat. Tun 2005 yake wakiltar mazaɓar Westmorland da Lonsdale. Da aka ƙara wa mazaɓar wasu yankuna, ƙiyasin ya mayar da ita ta Conservative a takarda. Daren zaɓe, da ya ci da tazara mai yawa, sai aka rubuta cewa Liberal Democrat ta ƙwace kujera. Daga hannun wa? Mutumin da ya kusa shekara ashirin a kan kujerar shi ne aka ce ya ƙwace ta. Da irin wannan lissafi aka kai ga cewa jam'iyyar ta ƙaru da kujeru 64, alhali daga 11 zuwa 72 kujeru 61 ne.

Amma ɓarnar da ta fi wannan girma ita ce adadin nan na 12.7. Watanni shida aka yi ana gaya wa jama'a cewa sai ƙuri'u sun karkata daga Conservative zuwa Labour da maki 12.7 kafin Keir Starmer, jagoran Labour a zaɓen, ya samu rinjaye ko da na kujera biyu ne, kuma ko Tony Blair, da ya kai Labour ga mulki a 1997, maki 10.2 ya samu. Aka gina sharhi a kai, aka yi ta hasashen majalisar da babu mai rinjaye. Me ya faru? Conservative ta faɗo daga kashi 43.6 cikin 100 zuwa 23.7, Labour ta ɗan motsa daga 32.1 zuwa 33.7. Karkatar ba ta kai maki 11 ba, amma Labour ta samu rinjayen kujeru 174. Wannan ba ɗan kuskure ba ne da za a ce a yi haƙuri. Ma'aunin ne gaba ɗaya bai dace da abin da ake aunawa ba.

Dalilin a fili yake. Lissafin ya ɗauka cewa iska ɗaya ce za ta kaɗa daga Cornwall har Glasgow, kamar masu zaɓe garken tumaki ne. A Sikotland Labour ta tashi daga kujera 1 zuwa 37, SNP, jam'iyyar masu neman 'yancin Sikotland, ta ruguje daga 48 zuwa 9. Jam'iyyar Reform ta kwashe sama da ƙuri'a miliyan huɗu, ta karya Conservative a wurare da dama, ita kuma ta tsira da kujeru biyar kacal. A kudancin Ingila magoya bayan Labour sun ara wa Liberal Democrat ƙuri'unsu. A Dewsbury da Batley, sabuwar mazaɓar da takarda ta bai wa Labour, Iqbal Mohamed ya ci a matsayin mai zaman kansa saboda fushin jama'a kan Gaza. Wane sakamakon kansila ne zai hango wannan?

Masu kare tsarin suna cewa dole a samu abin kwatantawa, kamar dai rashin ma'auni ya halasta awo da fasasshen mudu.

Abin takaicin shi ne maganin ba shi da wuya. A Najeriya, duk da tarin matsalolin zaɓenmu, doka ta ce a ƙirga ƙuri'a a rumfa, a rubuta sakamakon a takarda, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Ranar da aka sake shata mazaɓu, tarawa kawai za a yi. Ƙasashe da yawa na Turai ma haka suke yi, kuma sirrin ƙuri'arsu bai tonu ba. Ya kamata Birtaniya ta fara bayyana sakamako gunduma-gunduma kafin shatar iyakoki ta gaba da ake jira a 2031. Kafin nan, duk gidan jaridar da zai rubuta 251 ya rubuta 244 a gefensa, ya gaya wa mai karatu wanne ne aka ƙirga da hannu.