Dan Allah ku daina kiran mutane "bipolar"

Wannan post ɗin da ake ta yawo da shi tun jiya na saurayin da ya fasa aure wai saboda yarinyar "bipolar ce" wallahi ya ɓata min rai, kuma comment ɗin mutane ne ma ya fi ƙona min rai, kowa ya koma likita. Laifinta fa shi ne ta zaɓi kalar anko ta dawo ta ce ta canza, sannan ranar da 'yan uwansa mata suka zo ganinta ta kasa ɗaga kai, tana ta murza gefen mayafi muryarta na rawa. Shi ke nan an laƙaba mata ciwo a gaban dubban mutane.

Haba jama'a. Turancin nan da kuke taƙama da shi ai yana da kalmomin da suka dace da wannan duka. Wanda gabansa ke faɗuwa kafin intabiyu tafin hannunsa na gumi, nervous ake ce masa. Mai jin nauyin mutane shy ne, wanda ko an taka shi ba zai iya buɗe baki ba shi ne timid. Mai yawan canza ra'ayi fickle, wanda yanzu yana dariya an jima ya ɗaure fuska moody, wanda ba a gane gabansa da bayansa kuma erratic. Duk hali suke kwatantawa, irin wanda kowane gida akwai mai shi. Bipolar sunan ciwo ne, kuma likitan ƙwaƙwalwa kaɗai ke da hurumin cewa wane yana da shi.

Wanda ya taɓa zama da mai wannan larura ba zai taɓa ɗaukar sunanta ya jefi budurwa da shi ba. Mutum ne zai yi sati ko fiye kusan ba ya barci kuma bai gaji ba, magana ba tsayawa, ya sayar da mashin ɗinsa ya rabar da kuɗin a titi yana cewa an ba shi wani babban aiki da zai gyara duniya, bayan wani lokaci kuma ya faɗa cikin baƙin ciki na makonni, ko wanka sai an lallaɓa shi, uwarsa na zaune a ƙofar ɗaki da kwanon abinci ya huce tana roƙonsa ya ci ko loma biyu. Wasu har su fara tunanin kashe kansu. Akwai magani, irin su lithium, wanda sai ana auna jini lokaci-lokaci saboda ƙoda, kuma mutane da yawa suna shan maganinsu suna aiki suna riƙe iyali lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 40 ne ke da ciwon a 2019. Wannan shi ne abin da kuke haɗawa da canza kalar anko.

Na san za a ce ai wasa ne, ai haka turawa ma suke faɗi. Su turawan likitocinsu sun daɗe suna hana su, kuma ni ba ruwana da abin da ake yi a Amurka, a nan nake zaune inda in aka ji yarinya tana da taɓin hankali to har ƙannenta sai sun rasa manema. A nan ne ake ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki ko a sa masa mari a ƙafa maimakon a kai shi asibitin Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri, don kar maƙwabta su gani. Ƙasar da ta zauna da dokar mahaukata ta 1958 har sai Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ita ce za mu ƙara mata da mayar da sunan ciwo zagi? Duk lokacin da kuka yi haka akwai mai shan magani a ɓoye yana karantawa, kuma yana ƙara ƙudurta cewa ba zai gaya wa kowa ba, har matar da zai aura.

In halinta bai yi maka ba ka ce bai yi maka ba, ka bar mata mutuncinta.

Kuma ni har da makarantunmu nake ganin laifi. Yaro zai haddace "nearest in meaning" don JAMB, ya ci, amma ka tambaye shi bambancin shy da timid a cikin magana sai ya tsaya yana kallonka, don ba a taɓa sa shi ya gina jimla da su ba, baƙi kawai yake cikewa a takarda. 'Yar yayata tana SS2 kuma haka ake koya musu har yanzu, in akwai wanda ya san malamin Turanci mai sa yara karatu da rubutu da gaske a cikin Kano dan Allah ya min magana ta inbox.