Wasan da ba a taɓa bugawa ba shi ya fi tsada

A watan Yulin 2021, a wani gwanjo a Amurka, an sayar da kaset ɗaya na wasan bidiyo mai suna Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56. Wasan ya fito a 1996, kuma kamfanin Nintendo ya sayar da shi fiye da guda miliyan 11, don haka ba wuyar samu ce ta jawo wannan kuɗi ba. Ledar da ke lulluɓe da kwalin aka saya, wadda ta shekara 25 babu yaron da ya yage ta.

Ni dai wannan ciniki bai kwanta mini ba. Duk wanda ya riƙe irin wannan kaset yana yaro ya san yadda yake ƙarewa. Takardar gabansa ta koɗe, gefe ya ɗaye, an rubuta suna da biro a baya don kada aboki ya ara ya ce nasa ne. In hoto ya ƙi fitowa a talabijin, sai a zare shi, a hura masa iska da baki, a mayar, kowa ya yi tsit yana jira. Hurawar ba ta gyara komai, danshin baki ma tsatsa yake jawowa, zarewa da mayarwar ce ke aikin, amma wa zai iya fahimtar da ɗan shekara tara? Wannan kaset da ya sha hannu shi aka so, kuma shi ne yau dillalai ke yi wa kallon banza. Wanda aka manta a bayan kanta shi ake kai wa kamfanonin tantancewa, su ba shi maki, su garƙame shi a akwatin roba. Na Mario ɗin can 9.8 ya samu cikin 10.

Masu tara kaya za su ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma suna da gaskiyarsu. A 1983 kamfanin Atari ya binne tulin kaset da suka yi kwantai a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, ciki har da wasan E.T. da aka yi ta kushewa. A 2014 aka tono su, ɗaya ma ya samu shiga gidan tarihi na Smithsonian. Adana abu ba laifi ba ne.

Sai dai a duba me ake adanawa. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe kantinsa na intanet na na'urorin 3DS da Wii U, wasannin da can kaɗai ake samun su suka bi shi. Waɗanda ke ceto irin waɗannan wasanni masoya ne da ke kwafe su a kwamfuta ba da ko sisi ba, sau da yawa dokar haƙƙin mallaka tana hararar su. Mai miliyoyi yana gadin kwali, wasan da ke ciki kuma waɗanda ake kira ɓarayi ne ke raya shi.

A nan masoya fina-finan ban tsoro sun fi burge ni. Fuskar robar da makashin fim ɗin Halloween na 1978 ya sa, mai kamannin ɗan wasan fim William Shatner ce aka sayo ƙasa da dala biyu aka shafe da farin fenti. Har gobe masoyan fim ɗin sanya irinta suke yi, su yi gumi a ciki, su firgita juna, su yi dariya.

A Yulin nan dai na 2021 an sayar da wani rufaffen kaset na wasan The Legend of Zelda a kan dala 870,000. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin batir da aka sa tun 1987 don ya riƙa tuna inda mai wasa ya tsaya. Ko yana da rai ko ya mutu, sai an yage leda za a gane, mai shi kuwa ba zai yage ba.